Bencin Masu Ciki

Jos Jarawa,
9 ga Mayu.

Maigida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya sanyin Mambila? Rwang direba ya ce jibi zai loda dankali ya nufo sansaninku, shi ya sa na zauna rubutu, tunda wayarka sai ka hau tsauni take samun sabis, in ma ta samu iska ke cinye rabin maganar.

Ba na son tayar maka da hankali, amma ba ni da lafiya. Sati uku ke nan idon sawuna duka biyun sun kumbura, sun yi suntum kamar an hura. Ko silifas ba ya shiga. Ga wasu ƙuraje manya da suka fito min a ƙwauri, ba su da baki, ba sa ruwa, sai zafi da tauri, ko zani ya goge su sai na yi ƙara. Zazzaɓi kuma kullum da yamma. Gajiya kam ba a magana, ina tashi da safe kamar wadda ta kwana tana daka.

Keken ɗinki na nan ya zuba min ido. Ka san na ƙafa ne, to da wace ƙafar zan taka? Ankon bikin gidan Alhaji Jika kala goma sha huɗu na karɓa, uku kawai na haɗa, sauran na mayar musu ina ba da haƙuri. Mai kemis ɗin Tina Junction ya ba ni na maleriya, na shanye. Ya ce to taifot ne, shi ma na shanye. Ƙafa dai tana nan yadda take.

Yayarka Ummi ta zo dubiya da sassaƙe a leda, ta ce sanyi ne. Ta daɗe tana kallon ƙafafuna, sannan ta ce wai yaushe rabonka da gida? Na ce tun Oktoba mana, ai da ita muka raka ka tasha. Ta ce, "Uhm."

Maƙwabciyarmu Ana, wadda ke aiki a asibiti, ta rantse ran Litinin ko a goye sai ta kai ni wurin likita. Zan je, don na gaji.

Ka gaida abokan aiki. Allah ya tsare min kai.

Matarka,
Hasiya.

Sansanin Ma'adinai, Mambila,
15 ga Mayu.

Hasiya tawa,

Wa'alaikumus salam. Saƙonki ya iso tare da yajin da kika aiko, yajin ya yi daɗi, labarin bai yi ba. Sannu, sannu. Allah ya sa kaffara ne.

Amma ke ma da gangan kike yi. Sau nawa na ce ki daina wuni a kan keken nan? Ga shi ƙafa ta yi yajin aiki tun kafin mai ita ta yi. Ki bi Ana ku je, kuma ki daina biye wa mai kemis, mutumin da ko ciwon haƙori ka kai masa taifot zai ce.

Nan dai ruwa ake yi ba dare ba rana. Ramuka sun cika, injinan zuƙar ruwa huɗu ne, bakaniken kuwa ni kaɗai. Na je wa oga da maganar hutu, ya ce in na tafi wa zai riƙe masa injin? Wai sai an samu wani. Tun kafin azumi yake faɗin haka. Hannuna duk ya tsage da baƙin mai, jiya da ƙyar na iya riƙe cokali.

Maganar Yaya Ummi kada ki sa a ranki, kin san bakinta. Ki rubuto min duk abin da likita ya ce, kada ki rage komai.

Ki gaida Ana da maigidanta Robert. Na bar ki lafiya.

Mijinki,
Ashraf.

Jos Jarawa,
27 ga Mayu.

Maigida,

Sallama da gaisuwa. Na ga takardarka, na yi dariya a wurin yajin aikin ƙafa, rabona da dariya har na manta.

Mun je. Likitar mace ce, Dakta Obiamaka, Hausarta tsaf kamar a unguwar Gangare aka haife ta. Ta danna ƙurajen, ta jujjuya ƙafar, sannan ta tambaye ni ko ina tari. Na ce ɗan busasshe ne, ba ya damuna. Sai ta ce a yi min hoton ƙirji. Na ce, "Likita, ƙafa fa na kawo." Ta ce ta sani.

Kafin hoton nas ta ce doka ce sai an gwada fitsari ko akwai ciki. Na ce ku hutar da kanku, shekara bakwai ina nema ban samu ba, mai gidan ma ba ya gari. Suka dai gwada. Babu, kamar kullum.

Hoto ya fito da kaluluwa a gindin huhu, dama da hagu. Ashe har cikin ƙirji mutum na yin kaluluwa, ni a hammata da matsematsi na san ta. Nan fa aka shiga maganar tibi. Na dawo gida na ware kofina da cokalina da kaina tun kafin wani ya ware min. Sau biyu na kai kaki aka gwada, aka ɗebi jini. Jiya sakamako ya fito, ba a ga tibi ba. Alhamdu lillahi.

Amma har yanzu ba a ba ciwon suna ba. Likita ta ce akwai abin da take zargi, sai dai tana so ta san inda kumburin yake zaune, a cikin gaɓar ne ko a naman da ke kewaye da ita, don maganinsu ba ɗaya ba ne. Wai sai an yi wa ƙafar sikanin. Na ce, "Sikanin kuma? Ƙafar ciki gare ta?" Har ta yi dariya. Ta ce na'urar ba ruwanta da ciki, duk inda aka ɗora ta leƙawa take yi.

Ran Alhamis ne, kuma ɗakin su Ana ne. Ka san ɗakin, ko da yake daga bakin ƙofa kake tsayawa. Dogon bencin nan dai na masu ciki, wanda na goge da zanina shekara da shekaru ana duba min mahaifa. Na ɗauka na yi sallama da shi. Ban so komawa ba ko kaɗan, amma ya zan yi?

Ka yi min addu'a. Allah ya haɗa fuskokinmu.

Matarka,
Hasiya.

Mambila,
6 ga Yuni.

Hasiya,

Salamu alaikum. Ina fatan jiki da sauƙi.

Shekaranjiya na hau tsauni don in kira ki. Ina kunna waya saƙon muryar Yaya Ummi ya shigo, har guda biyar. Na saurara, na sauko ban kira kowa ba, don bakina ba zai iya ba.

Ta ce ran Alhamis ta raka surukarta awo, ta gan ki da idonta a layin sikanin, a tsakiyar masu ciki, kin ja mayafi kin rufe fuska da kika hango ta. Ta ce ƙafa a kumbure, zazzaɓin yamma, kasala, ƙin cin abinci, ita ta haifi shida, ba za a koya mata ba. Ta ce maganar har ta kai kasuwar Taminus wurin masu sayar da yadi.

Na ga abin da kika rubuta na ƙafa. Na tambayi mutanen nan, mu kusan arba'in, har da wanda ya taɓa aikin asibiti a Jalingo yana shara. Babu wanda ya taɓa jin an yi wa ƙafa sikanin. Ƙafa hoton ƙashi ake yi mata, wannan kowa ya sani. Sikanin na masu ciki ne.

Wata takwas rabona da gida, Hasiya. Ban ce komai ba, ban yanke komai ba. Kwana biyu ban iya cin abinci ba, jiya saura kaɗan bel ɗin inji ya tafi da yatsana. Ki aiko min da takardar sikanin ɗin in gani da idona. Shi ke nan abin da nake nema.

Ashraf.

Jos Jarawa,
17 ga Yuni.

Malam Ashraf,

Wa'alaikumus salam. Jiki da sauƙi, tunda ka tambaya.

Ka ce in rubuto duk abin da likita ta ce kada in rage komai. To ga shi, ba don ka yarda ba, don dai na yi alkawari.

Na je ran Alhamis tun bakwai na safe. Mu goma sha tara a bencin, kowa da turtsetsen cikinta da gorar ruwa, ni kaɗai da sanda. Ta kusa da ni ta dubi ƙafata ta ce, "Sannu, wata nawa? Ni ma haka na farina ya kumbura ni." Na ce mata Allah ya raba lafiya. Me zan ce? Na ja mayafi na rufe fuska don kada su ga ina hawaye. A haka Yaya Ummi ta gan ni. Ni ban ma gan ta ba. Da ta ƙaraso ta ce sannu, da na ce ta shigo ta riƙe min sanda.

Ana ta kwantar da ni, ta shafa min man nan mai sanyi, wannan karon a idon sawu. Ta juyo min da allon. Ta ce, "Kin ga nan? Gaɓa ce, tsaf take, ba ruwa, ba ta ci ba. Kin ga wannan kamar an tsattsaga soso? Ruwa ne a cikin naman ƙarƙashin fata, da kewayen jijiya." Ta duba ɗayar, ita ma haka. Shekara bakwai ina kallon allon nan ina roƙon Allah a ce an ga wani abu. Ranar da aka gani, a ƙafa aka gani.

Dakta Obiamaka ta jera takardun a tebur. Ta ce idon sawu biyu da kumburinsu ke wajen gaɓa, da ƙurajen ƙwauri, da kaluluwar ƙirji dama da hagu, ga zazzaɓi, in suka haɗu haka kuma an nemi tibi an rasa, sunansa sakoyidosis, irin mai zuwa farat ɗaya. Sai da ta rubuta min kafin na iya faɗa. Wai garkuwar jiki ce ke tashi faɗa ba tare da an san wanda ya tsokane ta ba. Ba amosanin gaɓɓai ba ne, ba sammu ba ne, ba a ɗauka. Ta ce a yawancin mutane irin wannan yakan kwanta da kansa, wata shida, shekara, wani ya fi haka. Ta ba ni maganin zafi da kumburi, ta ce in ɗaga ƙafa, in riƙa zuwa duk wata tana duba ƙirjin, don a garinmu ba a sakin jiki da tibi.

Na fito ina murna kamar yarinya. Na mayar da kofina cikin kwando. Na ƙagu Rwang ya zo in ba ka labari. Sai ya zo da taka wasiƙar.

Mutum arba'in ka tambaya, har da mai shara. Ni kaɗai ce ba ka tambaya ba.

Yanzu masu kawo ɗinki sun ɗauke ƙafa, waɗanda ke zuwa kuma ba ɗinki ke kawo su ba, cikina suke leƙe. Wannan duk zan iya ɗauka. Na Yaya Ummi ma na saba, ita ce dai ta shekara bakwai tana ce min juya a kaikaice, yau kuma ita ta yi min kyautar ciki. Naka ne ya kwantar da ni, fiye da ciwon.

Takardar tana wurin Ana, na ce ta aiko maka, ni hannuna ba zai iya sa ta a ambulan ba. In kuma kai ma akwai wata takardar da kake riƙe da ita tawa, ka aiko kawai, kada mu yi ta wahalar da Rwang. Ba ni da ƙarfin faɗa. Wallahi na gaji.

Ka huta lafiya.

Hasiya.

Jos Jarawa,
17 ga Yuni.

Oga Ashraf,

Gaisuwa a cikin sunan Ubangiji. Ni ne Ana maƙwabcinku. Robert ya ce in gaishe ka, ni kam gaisuwana kaɗan ne yau, ka yi haƙuri.

Ga takarda. Da ba Hasiya ya ce in ba ka ba, ko gwamna ne kai ba za ka gani ba, haka aikinmu yake. Ka duba sama, an rubuta ƙafan dama da ƙafan hagu. Hoto huɗu ne, duka idon sawu. In ka ga kan jariri a ciki ka gaya mani, in je in ajiye aiki.

Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki. Muna duba wuya, muna duba hanta, ƙoda, gwiwa, har ido. Benci ɗaya ne kawai muke da shi, shi ya sa kowa yake zama da masu ciki. Tsoho mai furfura ma a wurin yake zama. Shi ma ciki ne da shi, abi?

Kuma ai ta rubuta maka tun watan Mayu an gwada fitsari kafin hoton ƙirji, ba ciki. Ni na kai wasiƙan wurin Rwang, ta karanta mani kafin ta rufe. Ba ka gani ba ne, ko maganan Ummi ya rufe maka ido?

Abu ɗaya zan gaya maka wanda ita ba za ta faɗa ba. Ranan da Rwang ya kawo ambulan ɗinka, labarin Ummi ya riga ya zaga unguwa. Ta taɓa ambulan ta ji ba kauri, babu ko tsaraba. Ta ce mani, "Ana, takardata ce." Ni ban gane ba, na ce to ai naki ne, sunanki ne a kai. Sai ta ce a wurinku in mace ta ce takardarta, saki ke nan. Kwana biyu ambulan yana kan keken ɗinki ba ta buɗe ba. Ta ninke kayanta a akwati tana zaune a ƙasa tana jan jiki, don ba ta iya tsayuwa. Ni na buɗe mata a rana na uku.

Akwatin yana nan a bakin ƙofa har yau, ba ta kwance ba.

Ciwon zai warke da yardan Allah, na ga irinsa sau uku, duka sun tashi. Ɗayan ciwon kuma ba mu da na'uransa.

Allah ya kiyaye hanya.

Ana Robert.

Mambila,
26 ga Yuni.

Hasiya,

Assalamu alaikum. Ban san da wane baki zan gaishe ki ba.

Na ga hotunan. Ban gane komai a ciki ba sai rubutun sama, amma tun kafin in buɗe su wasiƙar Ana ta gama da ni. Na ɗauko taki ta watan Mayu na sake karantawa. Ga shi nan ɓaro-ɓaro, "Babu, kamar kullum." Sau uku na karanta ta a wancan lokacin, idona ya tsallake wurin. Allah na tuba. Ki yafe min, Hasiya. Babu wata takarda, ba a taɓa yin ta ba, hannuna ya bushe in na rubuta.

Na hau tsauni na kira Yaya Ummi. Na ce duk gidan da ta kai maganar nan ta koma da ƙafarta ta kwaso ta. Ta yi kuka, ta ce ita gyara take nufi. Ke ma na kira sau bakwai, ba ki ɗauka ba, kuma ban ga laifinki ba.

Akwai abin da ya kamata ki sani, don ba zargin kaɗai ne ya hana ni cin abinci ba. Kin tuna shekara huɗu da suka wuce, da likitan mata ya ce bai ga matsala a wurinki ba, ya ba ki takarda ki kawo min, ni ma in je a duba ni? Na ce miki na je, an ce lafiyata ƙalau. Ban je ba. Na kai har bakin ƙofar, na ga bencin cike da mata, na juya. Tsoro nake ji kada a ce daga ni ne. Na bar ki kika ci gaba da zuwa, Yaya Ummi tana yi miki gori a gabana ina shiru. Da na ji an ce kina da ciki, abin da ya fara zuwa raina ba ma kishi ba ne. Cewa na yi shi ke nan, ta tabbata ni ne, kuma duniya za ta sani.

Na gaya wa oga ƙarshen wata mai zuwa zan tafi, ko ya samu bakanike ko injinansa su nutse. Ki kwance akwatin nan, don Allah. Ki ce min wani abu ko layi ɗaya ne.

Mijinki, in kin yarda,
Ashraf.

Jos Jarawa,
14 ga Yuli.

Maigida,

Wa'alaikumus salam. Ƙafa ta fara sacewa, ƙurajen sun koma tabo. Jiya na taka keke na haɗa riga ɗaya, na huta sau uku.

Na karanta. Na sati ukun zargin nan na yafe. Na shekara huɗun ban sani ba tukuna, kada in yi maka ƙarya.

Na tambayi Ana. Ta ce maza ma ana yi musu sikanin, bayan gwajin da likita zai rubuta. Ta sa sunanka ran Alhamis ta farko a watan Agusta, ƙarfe bakwai na safe. Benci ɗaya ne, ka sani. Zan zauna kusa da kai in riƙe maka kati. Duk abin da aka gani ko ba a gani ba, ni ba zan tambayi mutum arba'in ba.

Akwati na nan a bakin ƙofa. Sai mun dawo.

Hasiya.